Shaihu Umar da Abin da Kunya ta Ɓoye



Iyayenmu mata kan rufe tatsuniya da cewa ba don Gizo ba da sun yi mana ƙarya. Sai da muka manyanta muka gane cewa a cikin ƙagen nan suke ɓoye maganar da ba ta faɗuwa a fili.

A shekarar 1933, Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya kira gasar ƙagaggun labarai da Hausa. Cikin littattafai biyar da suka fito akwai Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na wani matashin malamin makaranta daga Bauchi, Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya.

Umar ƙirƙirarsa aka yi, amma zamaninsa na gaske ne. An sace shi yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, aka ƙetara hamada da shi, ya yi karatu ya zama shaihi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, ita ma aka yaudare ta aka sayar. Sai a Tarabulus suka sadu, wahala ta gama cinye ta, ba ta jima ba ta cika.

Tarihi ya gaya mana cewa Turawan Ingila sun rufe kasuwar bayi ta Kano a 1903, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewacin Nijeriya ba sai 1936. Ke nan lokacin da littafin ya fito a 1934, waɗanda aka saya da waɗanda suka saya suna raye, suna sahu ɗaya a masallaci. Wa zai ambaci sunan wani? Ƙage ne ya ba marubucin damar faɗin gaskiya ba tare da ya tona asirin kowane gida ba. Takardun hukuma sun riƙe shekaru da dokoki, shi kuwa ya riƙe mana kukan uwa.

Mu Hausawan Malanville jikokin fatake ne, waɗanda suka riƙa ƙetara Kwara kan hanyar Gwanja ta Borgu. Muna alfahari da goro da kanwa da ayarinsu ya ɗauka, muna shiru game da mutanen da aka kora tare da kayan.

Kuma labarin bai ƙare ba. Har yau ana ɗora yaro a mota a tasha, a danƙa shi ga wanda ba a san gidansa ba, wai aikatau a Kwatano ko karatu a hayin Gaya. Kafin mu miƙa hannun ɗa, mu tuna da mahaifiyar Umar, mu tambayi inda za a kai shi da ranar da zai komo.

Allah Ya tsare mana zuriya, amin.