Tukunyar gas

tukunyar gas (suna, mace, jam'i: tukwanen gas). Doguwar tukunyar ƙarfe da ake ɗura iska a matse cikinta, kamar oksijin, naitirojin ko asitilin, don aikin ɗakin gwaje-gwaje. A tsaye ake ajiye ta, ɗaure da sarƙa jikin bango, nesa da wuta da rana, domin in ta faɗi bakinta ya karye, tana iya tashi ta fasa gini. Ba a mirgina ta. A keken turawa ake ɗaukar ta da murfinta a rufe. Maiƙo kada ya taɓa ta oksijin, gobara yake tayarwa. Ta naitirojin ta fi yaudara: ba wari, ba launi, sai ta yi yoyo a rufaffen ɗaki mutum ya sume bai ankara ba.