TARIHIN BAKA: SANDAR DA TA KAYAR DA MAI LIFIDI

Yau dai ba labarin soyayya na kawo muku ba, sai ku yi mini haƙuri. Abin da ya tayar mini da wannan magana shi ne wani tsohon baka na kakanmu da na tarar a rataye a zauren gidanmu na Wonaka, gara ta ci gefe guda, tsarkiyar kuwa tuni ɓera ya yi gaba da ita. Na tambayi samarin gidan ko akwai mai iya sassaƙa irinsa, sai suka dube ni suka kwashe da dariya. Wallahi dariyar nan ta tsaya mini a rai.

Domin kuwa duk wanda ya bi tarihin ƙasar nan ya san baka ba abin dariya ba ne. A watan Yuni na 1804, lokacin da Sarkin Gobir Yunfa ya tunkari jama'ar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a Tabkin Kwatto, ya zo ne da dawaki masu lifidi da Buzaye a kan raƙuma. Jama'ar Shehu kuwa, ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce ashirin ba, galibinsu 'yan ƙasa ne masu kwari da baka. Amma kafin rana ta faɗi Yunfa ya ba da baya. Shekara huɗu bayan nan, a 1808, Alkalawa ta faɗi. Maroƙa sun wasa mahaya, malamai sun rubuta sunayen jarumai, amma mutumin da ya zauna a gindin bishiya yana kankare sanda babu wanda ya tuna da shi.

To yaya ake yin bakan? Ga abin da na gani da idona ina yaro a wurin kakanmu. Da farko sai ya shiga daji neman icce miƙaƙƙe, mai danƙo, marar ƙulli, irin su dargaza ko ɗunɗu, wasu kuma gora suke so. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, saboda haka tun a lokacin yake gasa shi sama-sama a wuta ya miƙar da inda ya karkace. Sannan ya ajiye shi a inuwa wata da watanni, ba a rana ba, don kada ya tsage. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ya bushe sai ya ɗauki gizago ya rage kauri, tsakiya da ƙiba, bakin nan biyu sirara. Akwai ƙa'ida guda da ba ya karyawa: bayan baka, wato ɓangaren da ke fuskantar abin harbi, ba a sara shi, don shi ne ke miƙewa in an ja, kuma ƙaramin rauni a nan shi ne karyewa. Ta ciki ake ragewa.

Daga nan aikin haƙuri ya fara. Sai ya ɗaura tsarkiya ta murɗaɗɗiyar fata sako-sako, ya sa ni in ja kaɗan, shi kuma ya koma gefe yana kallo. In wani wuri ya ƙi lanƙwasa sai ya shafa masa gawayi ya kankare da wuƙa. Inda ya cika lanƙwasa kuwa ba ya taɓa shi ko kaɗan, sai dai ya rage sauran har su daidaita da shi. A ja, a duba, a kankare, haka har kwanaki, sai sama da ƙasa sun lanƙwashe daidai kamar jinjirin wata. Sannan ya shafe shi da man kaɗanya. Ya kan ce mini abin da wuƙa ta cire ba ya komawa.

Kibiyar kuwa ta kyauro ce, gajera, babu gashin tsuntsu, maƙeri ke yin kanta mai kunne, ƙarfinta kuma yana ga dafin kwankwani da ke tsayar da zuciya.

Zamanin baka ya fara juya baya ne a nan kusa da mu. A Fabrairun 1903, a Kwatarkwashi ta ƙasar Bunguɗu, sojan Turawa da ba su kai hamsin ba suka tare rundunar Kano da bindiga, Waziri Ahmadu ya rasu a wurin. Duk da haka a Burmi, ranar 27 ga Yulin shekarar, ranar da Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran sojan Turawa. Daga nan baka ya koma hannun maharba da Sarkin Bakansu.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, su Turawan Ingila da 'yan bakansu suka ci mahayan Faransa a 1415 ba su yar da nasu ba. Da suka tsamo wani jirgin ruwansu, Mary Rose, a 1982, wanda ya nutse tun 1545, sun sami bakuna fiye da ɗari, sun adana, sun auna, har matasansu na sassaƙa irinsu. Mu kuwa namu gara ke ci, dajin da ake saro iccen ma tun wajen 2011 ya zama wurin da mutum ke shiga da fargaba.

Ba cewa nake a koma yaƙi da baka ba, jinin da aka zubar a Zamfara ya isa haka. Roƙona shi ne, duk mai tsoho a gida da ya san wannan sana'a, daga Gusau har Tsafe, ya zauna da shi da biro da takarda tun yana da rai. Ni na yi sakaci da nawa, sai ɗan abin da ido ya riƙe.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu zaman lafiya. Sai mun haɗu a rubutu na gaba.