Ogan ɗin da ya yi ɗaruruwan shekaru a binne: wa ya ƙera shi?

1/ Jama'a, ku matso. Yau zan ba ku labarin wani kayan kiɗa da ya ɓace, da yadda aka bi sawun maƙerinsa.

2/ Kun san sarewar karan dawa da yara ke yi a gonakin Mahuta bayan girbi? Doguwa tana da kaurin murya, gajera siririyar murya. To ogan ɗin coci haka yake: sarewa ɗaruruwa na ƙarfe a jere, mafuri na hura musu iska.

3/ A 1906, ana haƙar harsashin masaukin baƙi kusa da cocin da ke wurin haihuwar Annabi Isa (AS) a Baitalami, sai ga bututu 222 na tagulla, da ƙararrawa, a binne.

4/ Mayaƙan Salibi ne suka kawo ogan ɗin a ƙarni na 12. Da zama ya gagare su a ƙarni na 13, sai aka binne shi, da fatan wata rana a dawo. Ba a dawo ba.

5/ To wa ya ƙera shi? A 2019 wani masani ɗan Sifen, David Catalunya, ya duƙufa. Ya auna tsawo da faɗin bututun, aka binciki ƙarfen, ya karanta zanen awon da maƙerin ya karce a jikinsu.

6/ Sakamako: a Faransa aka yi shi, a ƙarni na 11. Sunan mutumin ya bi ruwa, amma lissafinsa na nan daram, har wani maƙeri ɗan Holan, Winold van der Putten, ya bi shi ya ƙera irinsu.

7/ Abin da ya fi ba ni mamaki: a 2025 aka gano takwas daga cikin na asalin suna busuwa lafiya lau. An kuma ji muryarsu a Birnin Ƙudus.

8/ Mu dawo gida. Mun san Babban Gwani Malam Mika'ilu ne ya gina Masallacin Juma'a na Zariya, don baki ya riƙe sunan. Kakaki da tamburan fadojinmu fa? Algaitar da ake busawa a hawan sallah a Funtua da Malumfashi, hannun wa ce?

9/ Ƙarfe yana jure ɗaruruwan shekaru a ƙasa, suna kuwa tsoho ɗaya zai rasu ya tafi da shi. Ku tambayi dattawan gidan maƙera da mabusa, ku rubuta, ku turo mana a nan.