Wa Ke Biyan Kuɗin Tambaya? Tarihin Tallafin Bincike a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Da wuya a samu wani yanki a Arewa da aka yi wa manomansa tambayoyi kamar kudancin Katsina. Daga Funtuwa zuwa Bakori, Ƙanƙara, Faskari da Malumfashi, an daɗe ana ganin malamai da takarda da biro suna sallama a zaure, suna tambayar maigida dami nawa ya samu bana, bashin wa ke kansa, yara nawa suka rayu a gidan. Kowane irin wannan zama akwai wanda ya biya kuɗin mota da na takarda da albashin mai tambayar. Idan aka bi sawun masu biyan nan ɗaya bayan ɗaya, za a ga yadda tallafin binciken zamantakewa da tattalin arziki ya samo asali a ƙasar nan, a kuma gane irin kuɗin da ya haifar da ilimi mai amfani.

Auduga ce ta fara kira

Turawan mulkin mallaka sun fara kashe kuɗin bincike a wannan yanki ne saboda auduga. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902 don nema wa masaƙun Lankasha auduga, ya kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. A Daudawa aka buɗe gonar yaɗa irin auduga, a Samaru kuma tashar binciken noma ta fara aiki tun 1922. Duk wannan bincike a kan tsiro yake: wane iri ne ya fi tsawon zare, wane ƙwaro ke cin ƙwallon, yaushe ya kamata a yi shuka. Shi manomin da zai ɗauko audugar zuwa fuloti, ba a ware ko sisi don sanin yadda yake tafiyar da gidansa ba.

Kuɗin binciken mutane sai a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya fito. Dokar raya ƙasashen mallaka ta 1940 ta ware fam 500,000 duk shekara don bincike, kuma a 1944 aka kafa majalisa ta musamman a Landan mai raba kason ilimin zamantakewa. Da kuɗinta M. G. Smith, ɗan asalin Jamaika, ya yi aiki a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, yana lissafa abin da magidanta ke samu da abin da suke kashewa. A wannan tafiyar ce matarsa Mary ta zauna da wata dattijuwa, Baba, ta rubuta tarihin rayuwarta da ya fito a 1954. Abin da gwamnati ta nema shi ne lissafin da zai taimaka mata wajen mulki da haraji. Amma da yake kuɗin sun ba mutanen nan damar daɗewa a cikin jama'a, sai aka samu labarin aure, ƙawance, bauta da kasuwancin mata daga bakin mace Bahaushiya, abin da babu wanda ya sa shi cikin kasafi.

Malaman Samaru sun shiga ƙauye

Bayan 'yancin kai, cibiyar Samaru ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, gidauniyoyin Amurka kuma suka shigo. Da tallafin Gidauniyar Ford aka kafa sashen binciken tattalin arzikin karkara a Samaru a tsakiyar shekarun 1960, ƙarƙashin David Norman. Tsarin aikinsu na buƙatar haƙuri. Sukan ajiye malami a ƙauye shekara guda cur, yana zuwa gidajen da aka zaɓa sau biyu a mako, yana rubuta wa ya je gona jiya, awa nawa ya yi, me ya yi, nawa aka biya ɗan ƙwadago. Sun fara da Hanwa, Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zariya, daga baya suka zo Daudawa suka gwada shawarwarin noman auduga, dawa da masara a gonakin masu garmar shanu.

A lokacin, malaman gona na ɗaukar haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya a matsayin rashin wayewa, suna kuma ƙorafin cewa manoma na jinkirta shukar auduga har cikin Yuli alhali an ce musu tsakiyar Yuni. Lissafin ƙauye ya nuna dalili. Watannin Yuni da Yuli su ne lokacin da aiki ke shaƙe wuyan gida: ga noman farko, ga maimai, ga rumbu ya kusa ƙarewa. Magidanci ba zai bar gonar abinci ciyawa ta cinye ta saboda audugar da sai bayan kaka za a biya shi kuɗinta ba. Haɗa shuka kuwa ya fi ba da amfani a kan kowace kadada da kowace awar aiki a waɗannan watanni, kuma idan ruwa ya yi gardama ba a tashi a tutar babu. Wannan sakamako ya taimaka wajen sauya yadda ake binciken noma a ƙasashe da dama, inda aka koma duba gona da gida a matsayin abu ɗaya.

Shekarun Bankin Duniya

A 1975 aka fara Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa, ɗaya daga cikin ukun farko da Bankin Duniya ya ba da rancen yi a Najeriya, tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi gundumomin Funtuwa, Bakori, Malumfashi, Ƙanƙara da Faskari, waɗanda a lokacin suke cikin jihar da ake mulka daga Kaduna, domin sai a 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. An yi hanyoyin karkara da ƙananan madatsun ruwa, an gina cibiyoyin sayar da takin zamani da iri a farashi mai rahusa. Masarar da ta zama abin alfaharin yankin a yau ta samu gindin zama ne a waɗannan shekaru, audugar da aka sa wa rai kuwa ba ta yi abin da aka zata ba.

Shirin ya zo da nasa kuɗin bincike. An kafa sashen sa ido da auna sakamako a Kaduna, aka ɗauki matasa da yawa suna auna gonaki suna cike takardu. An tara alƙaluma masu ɗimbin yawa, amma tambayoyin na mai ba da rance ne: taki nawa aka sayar, amfani nawa ya ƙaru. Tambayar wa ya ci moriyar, daga jami'a ta fito. Brian D'Silva da Rafique Raza na Samaru sun wallafa nazari a 1980, Björn Beckman na sashen kimiyyar siyasa a Zariya shi ma ya yi rubutu a kai, kuma abin da irin waɗannan ayyuka suka nuna shi ne malaman gona da kayan aikin shirin sun fi karkata ga waɗanda aka kira manoma masu ci gaba da kuma manyan manoma, wato masu hali da masu sarauta da 'yan kasuwa. Muhawarar ba ta tsaya a aji ba. Gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta hau a 1979 kuma Dokta Yusufu Bala Usman ya yi aiki a cikinta, ta ja da sharuɗɗan Bankin na faɗaɗa shirin zuwa duk jihar, ta kuma kafa hukumar binciken ƙorafe-ƙorafen filaye. Abin da ya sa jami'a ta iya faɗin wa ya ci moriyar shi ne ba daga aljihun shirin take ci ba. A lokacin gwamnati na ba ta kuɗin da malami zai fita ƙauye ba tare da ya roƙi kowa ba.

Waɗanda suka zauna

Malumfashi ta ga wani nau'in bincike na daban. A shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello na da asibiti a garin, kuma tare da makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Libaful aka ƙidaya mutanen ƙauyukan kewaye, ana bin haihuwa da mutuwa, zazzaɓin cizon sauro, tsargiya da saran maciji. Kafin nan, Murray Last ya zauna a gidan Maguzawa a ƙasar Malumfashi a farkon shekarun 1970, ya ga yadda mara lafiya ke zagayawa tsakanin boka, malami, wanzami da asibiti, ya nuna cewa mutane na neman sauƙi ne ba tare da sun ɗaure kansu ga tsarin magani guda ba.

Paul Clough kuwa a ƙauyen Marmara ya sauka, a ƙarshen shekarun 1970, ya riƙa komowa har shekarun 1990. Ya bi 'yan kasuwar hatsi kasuwa-kasuwa, ya rubuta yadda jari ke gangarowa daga babban ɗan kasuwa zuwa yaronsa na ƙauye a kan amana, yadda ake bin falle da damina a biya da kaka, yadda ake ɓoye dawa a rumbu sai bazara. Masana da yawa a lokacin na hasashen cewa masu kuɗi za su haɗiye gonakin talakawa su mai da su 'yan ƙwadago zalla. Shi ya ga mai arzikin ƙauye na zuba dukiyarsa cikin aure, faɗaɗa gida, aurar da 'ya'ya da riƙe barori, kuma wajibcin zumunta da na addini na taka masa burki. Littafinsa bai fito ba sai a 2014. Babu ɗan kasuwar da zai buɗe wa baƙon kwana uku littafin bashinsa. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma a wannan aiki zama bayan zuwan shi ne ke kawo labari.

Rufewar famfo da haihuwar asusun gida

Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya daki yankin ta fuska biyu. An rushe hukumomin sayen amfanin gona, har da Hukumar Auduga da ke da hedikwata a Funtuwa, darajar naira kuma ta faɗi har albashin malamin jami'a ya kasa ciyar da gidansa. Motocin fita bincike suka mutu a gareji, malaman waje suka tafi, na gida da yawa suka bi su. Waɗanda suka rage sun dogara da ƙananan tallafi irin na CODESRIA da ke Dakar, wadda aka kafa a 1973, ko aikin kwangila na ƙungiyoyin agaji, inda mai ba da kuɗi ke zuwa da tambayarsa da wa'adinsa na 'yan makonni. Daga shekarar 2000 gidauniyoyin MacArthur da Carnegie suka tallafa wa wasu jami'o'i, ciki har da ta Zariya.

Asusun gida ya fito ne daga gwagwarmaya. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 1992, lokacin shugabancin Attahiru Jega, ya kai ga dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta ɗora wa kamfanoni kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka sake dokar, asusun ya zama TETFund, ya keɓanta ga manyan makarantun gwamnati. Harajin ya ƙaru zuwa kashi 2.5 a dokar kuɗi ta 2021, sannan kashi 3 a 2023. Ƙofofi biyu ne malami ke bi don bincike. Akwai ƙaramin tallafi da ake nema ta hannun makarantar da mutum ke aiki, akwai kuma Asusun Bincike na Ƙasa, wanda ake gasa a kansa a faɗin Najeriya, kuma ɗaya daga cikin rukunansa uku na ilimin zamantakewa ne da al'adu. Malaman Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua, wadda aka kafa a 2006, da na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-ma, ta 2011, duk suna da damar nema. Ta haka ɗan Bakori ko ɗan Ƙafur zai iya nazarin ƙauyensu da kuɗin ƙasarsa daga jami'ar jiharsa.

Abin da ya rage

Tambayoyin yau sun fi na da nauyi. Tun bayan sace ɗaruruwan ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020 duniya ta san halin da yankin ke ciki, amma mutanen Faskari, Sabuwa da Ɗandume sun riga kowa sani. Gonakin daji nawa aka bari? Ina masu gudun hijira suka sauka, kuma wa ke ciyar da su? Me ya faru da gandu a gidan da aka sayar da shanun huɗa don biyan kuɗin fansa? Yaya amanar da jarin hatsi ke tafiya a kanta ta kasance a kasuwar Ɗandume? Baƙo daga Turai ba zai iya shekara a waɗannan ƙauyuka yanzu ba. Ɗan gida ne kaɗai zai iya, shi da ya san wanda zai gaisar da kuma hanyar da ba a bi bayan la'asar.

Tarihin nan ya nuna abin da ya kamata masu raba tallafi su saya da kuɗinsu. Su sayi lokaci, wato shekara biyu ko uku na komawa gidaje ɗaya, maimakon takardar tambayoyi da ake rabawa a mako guda don a samu maƙalar ƙarin girma. Su bar mai bincike ya faɗi abin da ya gani ko da bai yi wa gwamnati daɗi ba. Su kuma ɗora sharaɗin da babu wanda ya ɗora tun zamanin Smith: kusan duk abin da aka rubuta a kan wannan yanki da Turanci yake, a ɗakunan karatu na nesa, jikokin waɗanda suka amsa tambayoyin ba su taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya karɓi kuɗin jama'a ya yi nazarin manoman Funtuwa da Malumfashi, a wajabta masa ya koma ya faɗa musu sakamakon da Hausa, a rediyo da gaban dagaci da taron ƙungiyar manoma, su gyara masa inda ya kuskure kafin ya kai wa hukuma.