Sitiyarin babbar mota da gangaren Hawan Kibo

Kafin mota ta hau tudun Jos, a kai ake sauko da kuza. A farkon shekarun 1900, lokacin da Kamfanin Neja ya kafa sansani a Naraguta, 'yan dako ne ke ɗaukar ta a ƙasa har Loko, bakin kogin Binuwai. A 1914 ƙaramin layin dogo na Bauchi ya iso daga Zariya, siriri mai faɗin ƙafa biyu da rabi, sannan a 1927 babban layi ya hauro daga Kafanchan. Ko da aka rufe ƙaramin layin a 1957, manyan motoci irin su Bedford da Austin sun riga sun fara karɓe dako. To amma garin Jos da ke bisa tsayin kusan mita 1,200 yana da sharaɗi: duk motar da ta nufi kudu da kaya sai ta gangara, kuma gangaren Hawan Kibo da ke kan hanyar Akwanga ya ci rayukan da har yau iyalai ke tunawa da su.

A wannan zamani ne wata sana'a ta kafu. Motar kan zo da inji da kai da ƙashin baya kawai, kafinta ya gina mata bodin katako, bakanike ya ƙara mata ganyen sifirin don ta jure lodi. Aikin gwaninta ne, kuma shi ya kai dankalin Turawan Bokkos da Mangu kasuwannin kudu. Sai dai kusan duk ƙarin da aka yi wa mota a tarihin wannan sana'a, don ta ɗauki kaya da yawa aka yi shi. Duk wanda ya tsaya a kasuwar Farin Gada ana jera kwandunan tumatir zai ga abin da ke biyo baya: kaya su haura saman bodi, wasu su zarce bayan tayoyin baya, gindin mota ya zauna, gabanta ya ɗan ɗaga. Da zarar nauyi ya ragu a kan tayoyin gaba, sitiyari ya yi sakwa-sakwa a hannun direba, iskar hunturu ko wucewar tirela ta isa ta tura motar gefe.

Irin wannan gini ne da motocin da ake yi wa ɗakin kwana da wurin girki a Amurka da Turai, wato dogon akwati bisa ƙashin bayan babbar mota. Masu su sun daɗe suna muhawara ko ya dace a saka musu wata na'ura mai kama da shokazoba, wadda ake kwantar da ita tsakanin jikin mota da sandar sitiyari don ta shanye fizga. Tambayar ta shafi duk mai doguwar bas ko gingimari da ke zuwa Dilimi neman kayan gyara. Ra'ayina shi ne na'urar tana da amfani, amma ita ce ta ƙarshe a jerin abin da ya kamata a kashe wa kuɗi, kuma tarihin motocinmu ne ya sa na ce haka. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, kuma har yanzu ana shigo da motoci masu sitiyari a dama a cire shi a mayar hagu, wani lokaci da yanka da walda. An yi ɗan lokaci ana samun sababbin motoci daga Steyr a Bauchi da ANAMMCO a Inugu, amma bayan faɗuwar darajar naira daga 1986 sai 'yan Kwatano suka cika hanya, motocin da suka gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa. A irin wannan mota, rawar sitiyari yawanci daga cinyewar gaɓoɓin tayarod take, ko taya mai cin gefe ɗaya, ko lodin da ya karkace. Saka na'urar a kansu kamar shafa wa bango mai tsaga fenti ne. Rawar ce ke sanar da direba akwai matsala, kuma idan aka danne ta, gaɓar za ta ci gaba da cinyewa har ranar da za ta fita a tsakiyar kwana.

Za a ce ai kamfanoni da kansu sun saka ta. Gaskiya ne, Volkswagen ƙirar kunkuru da wasu Land Rover da Marsandi sun fito da ita daga masana'anta, kuma a hanya mai ramuka tana hana sitiyari ƙwacewa idan taya ta faɗa rami ko ta fashe. Direban da ya kwana yana kokawa da sitiyari zai gaji, gajiya kuwa tana kisa. Ban musa ko ɗaya ba. Amma injiniyoyin can sun auna ta ne da mota mai lafiya, ɗauke da nauyin da aka rubuta mata. Za a kuma ce mai mota talaka ne, na'ura ɗaya ta fi sauƙin kuɗi a kan sauya kayan gaba duka. Wannan hujjar ta fi tayar mini da hankali, domin wanda ke biyan bambancin shi ne yaron motar da ke zaune bisa buhuna da fasinjan da bai san abin da ke ƙarƙashinsa ba.

Akwai kuma abin da na'urar ba ta taɓawa sam. A dogon gangare, motar da aka cika fiye da kima tana tilasta wa direba ya zauna kan burki, burki ya ɗau zafi ya daina kamawa. Tsofaffin direbobin Bedford sun san haka, shi ya sa suke tsayawa a saman tudu su duba tayoyi, su sa babbar giya mai ja kafin gaban mota ya sunkuya, yaron mota na riƙe da weji. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da ikon hukunta mai wuce kima a lodi, kuma wurin da ya fi dacewa a yi wannan aiki shi ne Farin Gada da kasuwannin Bokkos da Mangu, tun kafin a ɗaure igiya.