Sadiq Abdullahi da zamanin da tanis ɗin Najeriya ya kai Seoul

A 1988 ne tanis ya koma cikin wasannin Olamfik na neman lambar yabo, bayan shekara 64 da cire shi. Najeriya ta tura maza uku birnin Seoul na Koriya ta Kudu: Nduka Odizor, Tony Mmoh da Sadiq Abdullahi.

An haifi Sadiq a 1960. Ya yi karatu a kwalejin Saint Augustine da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, ya kuma buga wa Najeriya gasar Kofin Davis. A 1985 ya shiga sahun 'yan wasa 300 na farko a duniya. A Seoul, Javier Sánchez na Sifaniya ne ya fitar da shi a zagayen farko. Wanda bai san tanis ba zai ce an je an dawo hannu rabbana. Amma maza 64 kacal aka bai wa gurbi a wasan ɗaiɗai daga duk duniya, kuma Sadiq yana cikinsu.

Su Sadiq ba daga sama suka faɗo ba. A wancan zamani gasannin ƙwararru suna zuwa har gida, a Legas da Benin da Kaduna, ɗan wasa ya tara maki ba tare da ya nemi kuɗin jirgi zuwa Turai ba. Fitaccen ɗan wasan tanis Arthur Ashe kansa yana tsakiyar wasa a Legas a Fabrairun 1976, kwanaki kaɗan bayan kashe Janar Murtala, sojoji suka shigo fili da bindigogi suka tarwatsa taron. Odizor kuwa ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983.

Da suka ajiye raket, koyarwa suka koma. Mmoh ya horar da 'yan wasa a Saudiyya, ɗansa Michael yana buga wa Amurka. Sadiq ya zauna a Florida, ya yi digirin digirgir a fannin ilimi, ya shiga aji yana karantarwa, yana rubuce-rubuce kan ilimi da wasanni a Najeriya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne iliminsu ya fi amfanar 'ya'yan wasu. Yaron Sabon Birni ko Isa ya san kokawa da dambe da ƙwallon ƙafa, ƙarfi da juriya ba a gaya masa. Gasar tanis ta Dala da ake yi a Kano tana nan, amma tsakaninsa da ita akwai raket, da fili, da malamin da zai nuna masa riƙo.