Gandiroban da Ya Kwana a Kurkuku: Tarihin Rabilu Musa Ɗan Ibro

A watan Oktoba na shekarar 2008, kotun tafi-da-gidanka da ke aiki tare da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke wa Rabilu Musa hukuncin ɗaurin wata biyu. Wanda aka tasa ƙeyarsa a ranar ba baƙon gidan yari ba ne. Ya san ƙarar mukullan wurin, ya san lokacin ƙirga fursunoni da lokacin rabon gabza, domin ya yi shekaru sanye da kakin gandiroba kafin duniya ta san shi da sunan Ɗan Ibro. Bambancin kawai shi ne, a wannan karon shi aka rufe wa ƙofa.

Mu da muke zaune nesa da Kano, a zangunan Kumasi da Ankara da Tamale, yawancinmu ba mu ji labarin wannan shari'a a kan kari ba. Ibron da muka sani shi ne na cikin kaset: siririn mutum mai doguwar jar hula, mai zare ido, wanda tun kafin ya buɗe baki ɗaki ya riga ya kaure da dariya. Shekaru sun wuce da rasuwarsa, kuma har yanzu idan ana lissafa manyan da suka yi wa harshen Hausa hidima, da wuya a ji an ambace shi. Ana ganin ai ɗan wasa ne kawai. Ni kuwa ina ganin tarihinsa ya fi ƙarfin a bar shi a bakin masu hira.

An haife shi a shekarar 1971 a ƙauyen Ɗanlasan, kusa da Wudil, gabas da birnin Kano. Wudil gari ne na bakin kogi kuma na bakin hanya, mai babbar kasuwar shanu da ke ci ranar Juma'a. A irin wannan kasuwa ake haɗuwa da Bafillacen da ya koro garkensa, da dillalin da ke rantsuwa a kan sa'ar da bai gani ba, da fatake daga kudu, da mai maganin gargajiya da lasifikarsa, da maroƙi, da ɗan cuwa-cuwa. Duk wanda ya kalli fina-finan Ibro da idon basira zai gane cewa waɗannan mutane ne ya kwashe kaf ya zuba a gaban kyamara. Ya yi firamare a ƙauyensu, ya wuce kwalejin horon malamai ta Wudil, sannan a 1991 ya shiga aikin gidan yari, inda ya yi wajen shekara takwas. Tun yana cikin kaki yake wasan kwaikwayo da abokansa, har wasan ya rinjayi aikin, ya ajiye albashin gwamnati ya bi abin da a lokacin babu mai kiran sa sana'a.

Kafin zamaninsa, ɗan wasan barkwancin Hausa a gidan rediyo da talabijin na gwamnati yake fitowa. Akwai Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, a Kaduna. Akwai Ƙasimu Yero. Akwai Karkuzu a Jos. Waɗannan gwanaye ne, kuma iyayenmu da suke kama Rediyon Kaduna a gajeren zango sun san muryar Samanja kamar ta maƙwabcinsu. Amma wasanninsu na hukuma ne: hukuma ke biya, hukuma ke sa lokaci, kuma galibi akwai saƙon wayar da kai da ake so ya isa ga jama'a. Da tattalin arzikin Nijeriya ya durƙushe a shekarun 1980, kuɗin shirya irin waɗannan wasanni ya yi ƙaranci, a daidai lokacin da kyamarar bidiyo ta fara shiga hannun talaka. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin bidiyo na Hausa na farko da aka kai kasuwa. Daga nan mai biyan ɗan wasa ya sauya. Ba darakta a ofis ba ne kuma, matar aure ce a cikin gida da ta aiki yaro ya karɓo mata hayar kaset.

Zuwa ƙarshen shekarun 1990 harkar ta rabu gida biyu. Gida ɗaya na fina-finan soyayya ne, masu rawa da waƙa irin na Indiya, a gidajen masu kuɗi da lambuna, waɗanda Sangaya ya zame musu tuta. Ɗaya gidan shi ake kira camama, kuma sunan ma da raini aka raɗa shi: fim na ƙauye, na kuɗi kaɗan, da ake gamawa cikin 'yan kwanaki, sau da yawa ba tare da rubutaccen labari ba. A faɗa wa 'yan wasa inda za a fara da inda za a ƙare, sauran kuwa kowa ya fito da abin da ke bakinsa. A wannan fage Rabilu Musa ya yi sarauta. Fim ɗin da ake yawan cewa shi ya fito da shi shi ne 'Yar Mai Ganye, kuma ba a daɗe ba 'yan kasuwar kaset na Ƙofar Wambai da Bata suka fahimci cewa sunansa kaɗai a jikin kwali ya isa ya sayar da kaya. Shi ya sa sunayen fina-finan suka zama iri ɗaya: a rubuta Ibro, a liƙa masa duk abin da gari ke magana a kai a wannan wata.

Masu ilimin boko da yawa sun ɗauki wannan a matsayin shirme. Sun manta cewa abin da yake yi tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Ɗan kama ya daɗe yana yawo kasuwa-kasuwa, yana ɗaukar karin waƙar yabon sarki ko salon mai wa'azi, ya juye su su koma zancen tuwo da miya, jama'a na dariya, malamin da ake kwaikwaya ma yana murmushi. A fada akwai wawan sarki, wanda shi kaɗai ke iya faɗa wa mai gari abin da waziri ba zai iya ba. A watan azumi yara na tashe, suna kwaikwayon malami da gwauro da mai ciki. A tatsuniya kuma ga Gizo, makwaɗaici, matsoraci, mai wayon da kullum yake komawa kansa. Ibro ya haɗa waɗannan duka a jikin mutum ɗaya. Halin da yake fitowa da shi kusan kullum ɗaya ne: talaka mai yunwa da dabara, wanda yake shiga rigar da ta fi shi, ya yi ta fankama har asirinsa ya tonu. Mai kallo yana yi masa dariya, amma a ransa yana tare da shi, domin kowa ya taɓa cika bakin da ya fi ƙarfin aljihunsa.

Inda ya zarce magabatansa shi ne girman abin da yake kwaikwaya. Ɗan kama na dā limamin unguwa yake kwaikwaya. Ibro kuwa duk wanda rediyo ya kawo sunansa, sai ya ɗora masa jar hula. Lokacin da kiɗan Awilo Longomba, mawaƙin Kwango, ya cika gidajen biki na Afirka ta Yamma, sai ga Ibro Awilo. Da son fina-finan Indiya ya kai matuƙa, sai ga Ibro Ɗan Indiya, yana karya wuya yana kuka da wani harshe da ba Indiyanci ba, ba Hausa ba. Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 a Amurka, a 2002 aka fitar da Ibro Usama, a 2003 kuma, shekarar da aka mamaye Iraƙi, aka yi Ibro Saddam. Waɗannan batutuwa ne da a lokacin ake zubar da jini a kansu, ake zanga-zanga a titunan Kano. Shi kuwa ya kawo su bayan gari, ya raba wa abokan wasansa muƙaman shugabannin duniya, aka yi yaƙin da kayan da ba su fi na tashe ba. Mutum zai iya cewa bai dace ba, kuma an faɗa a lokacin. Amma wanda yake son sanin yadda talakan ƙasar Hausa ya ji labarin duniya a waɗannan shekaru, da yadda ya tauna shi, zai sami abin da babu a jarida cikin waɗannan kaset-kaset.

Ba zan ce duk abin da ya yi zinariya ba ne. Gaggawar kasuwa ta sa ya maimaita kansa ba iyaka. Akwai fina-finansa da in ka ga ɗaya ka ga goma. Matan da ke cikin labaransa sau da yawa ba su wuce mafaɗaciya ko makwaɗaiciya ba. Sannan ga kwaikwayon harshen wasu ƙabilu, Bafillace da Bagwari da Bayarabe da sauransu. Wani lokaci wasan yana tsayawa a iyakar barkwancin taubasai, wanda al'ada ta yarda da shi, wani lokaci kuma yana tsallakawa ya zama raini. Mu nan mun fi kowa sanin zafin wannan, mu da in muka je Kano aka ji mun ce "ya" inda suke cewa "ta", sai a kalli juna a ƙunshe dariya. Duk da haka, a ɗakunan zango da yawa, yaron da Turanci da Tuwi suka fara cinye masa harshe a bakin Ibro ya fara jin habaici da zambo da baƙar magana irin ta Kano, abin da babu makarantar da za ta koya masa.

Komawa ga shari'ar. Jihar Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000, a 2001 kuma ta kafa hukumar tace fina-finai. An yi ta zaman doya da manja har 2007, lokacin da wani hoton bidiyo na waya da ya shafi wata 'yar fim ya bazu a gari, jama'a suka harzuƙa. Gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka dakatar da ɗaukar fim na tsawon watanni, aka fito da sababbin ƙa'idoji masu tsauri. An ɗaure Adam A. Zango a 2007, an ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a ƙarshen 2008. A tsakaninsu aka kama Ibro. Tuhumar da aka karanta masa ta shafi fim ɗin Ibro Aloko, da rawar da aka ce ta saɓa wa tarbiyya, da kuma batun rajistar kamfani.

Mutanen gari kuwa wani labarin suke bayarwa. A fim ɗin akwai wata waƙa da ke yi wa wani yadi mai ratsi-ratsi, da ake kira mamar, shaguɓe, kuma an san gwamna da sa irin wannan yadi. Babu wannan a takardar kotu, amma shi ne abin da aka yi ta faɗa a majalisu da tashoshin mota. Ko ma wanne ne gaskiya, abin da ya faru ya karya wata tsohuwar yarjejeniya. Sarakunan dā suna da dogarai da gidan yari, amma sun san amfanin barin wawa ya yi maganarsa, domin ta bakinsa suke jin abin da talakawa ke raɗa. Masu goyon bayan hukumar suna da hujjarsu: kaset ba dandalin kasuwa ba ne, yana shiga har ɗakin matan aure da yara, don haka dole a sa masa linzami. Hujja ce mai nauyi. Sai dai linzami daban, mari daban, kuma kotun da ake kama mutum a yanke masa hukunci kafin ya sami sukunin kare kansa ba ta kama da wurin gyaran tarbiyya.

Amsar da ya bayar irin tasa ce. Daga baya aka ga fim mai suna Kotun Ibro a kasuwa, inda aka mai da zaman kotun kansa abin dariya. Ya ci gaba da aiki a shekarun da kaset ya ba faifan CD wuri, masu satar fasaha suka cinye ribar, tashoshin tauraron ɗan'adam kuma suka fara nuna fina-finan Hausa dare da rana har cikin gidajenmu. Abokan sana'arsa suna kiran sa Ciyaman, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi suna a camama, irin su Bosho da Daushe da Ɗan Auta, a gefensa jama'a suka saba ganin su.

Ya rasu ranar Laraba, 10 ga Disamba, 2014, bayan fama da rashin lafiya, yana da kimanin shekara 43. An yi jana'izarsa a yankinsu na Wudil, a gaban taron da ya haɗa 'yan fim da 'yan siyasa da talakawan da suka bar sana'arsu suka zo.

Abin da ya bari yana cikin haɗari. Yawancin fina-finansa na farko a kaset aka buga su, kuma kaset ba ya jure zafi da damina. Abin da ke yawo a YouTube da Facebook guntaye ne na minti uku ko biyar, galibi babu sunan fim, babu shekara, babu sunan wanda ya shirya. Cikakkun kwafin wasu daga cikinsu, da kwalayensu masu ɗauke da sunayen 'yan wasa da na kamfani, mai yiwuwa suna cikin akwatunan tsofaffin masu ba da hayar kaset, a Kano da Maraɗi da Garwa, har da nan Kumasi, ƙarƙashin gado, ƙura ta rufe su.